Yadda ake gyara ciyawar tsakar gida idan ta lalace a Maraɗi

A unguwannin Maraɗi masu sababbin gine-gine, irin su Ali Ɗan Sofo da Zariya, ba wuya ka shiga gida ka tarar an ware ɗan fili gaban ɗakin baƙi an dasa ciyawar ado, wadda masu sayar da furanni a bakin titi ke ce wa gazon. Mafi yawanta kiri-kiri ce ko danginta, wannan dai da manomin fadama ke fama da ita a gonarsa. Ana dasa ta da damina, ta yi shar, kowa ya yaba. Kafin Afrilu ya ƙare rabinta ta bushe, wani wuri ya yi sanƙo, jiji da ƙarangiya sun cinye gefe. Daga nan sai maigida ya aiki yaro kasuwa ya sayo magani.

Nan ake ɓarnar kuɗi. Ciyawar da ta lalace a garin nan, galibi ƙishirwa da yunwa ne suka kashe ta, ba ƙwaro ba. Tun bayan ambaliyar 1945, da aka tashi garin daga bakin gulbi aka hau da shi tudu, yawancin gidajen Maraɗi a kan jigawa suke, ƙasar da ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki. Ruwan sama kuma bai wuce kimanin milimita 500 a shekara ba, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba. Sauran watanni takwas ciyawarka a wuyan famfo take. Saboda haka kafin ka sayi komai, ka fara gano abin da ke damunta.

Fara da bincike

Ka fito da sassafe da wuƙa, da guntun rodi mai tsawon kamu biyu, da bokiti.

Ka taka ciyawar ka wuce, sannan ka waiwaya. Mai ƙoshi takan miƙe nan take. Idan sawunka ya zauna, ganyen ya naɗe ya yi toka-toka, ƙishirwa ce. Sai ka soka rodin a wurin da ya bushe, ka kuma soka shi a wurin da ke kore. A rairayi mai laima rodi yana shiga salin-alin. In ya cije bayan santimita 5 ko makamancin haka, ko dai ruwanka bai sauka ƙasa ba, ko akwai wani abu a binne. Tona ka gani. A sabon gida sau da yawa abin da za ka tarar shi ne ragowar siminti, da fasassun bulo, da buhunan da magina suka rufe da yashi ranar da suka kwashe kayansu. Ba takin da zai gyara irin wannan wuri sai an haƙe an fitar da tarkacen.

Sai ka kama ciyawar da ta mutu ka ja. In ta riƙe ƙasa gam, saiwarta na da rai, za ta dawo. In ta taso cikin sauƙi ba saiwa a ƙarƙashinta, wani abu ne ke ci daga ƙasa. Yanka murabba'i mai santimita 30 kowane gefe, ka ɗaga shi, ka duba ko akwai gwazarma ko gara.

Siffar tabon ma tana ba da labari. Ƙaramin zagaye da ya ƙone a tsakiya, bakinsa kuma ya fi ko'ina kore, fitsarin dabba ne. Dogon layi daga ƙofa zuwa famfo, hanyar ƙafa ce. Tabon da ke bin gindin katanga ko ƙarƙashin itace, inuwa ce. Wanda ya fito kwana biyu bayan ka watsa takin zamani kuwa, takin ne ya taru wuri ɗaya ya ƙona ta. Idan filin gaba ɗaya ne ya koɗe ya yi ɗorawa-ɗorawa alhali ƙasa na da laima, yunwa ce.

Ruwa

A bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kowace mita murabba'i ta kiri-kiri tana shan kimanin lita 6 a rana. Ka yi lissafin naka filin. Mai mita 5 da mita 10, wato mita murabba'i 50, yana buƙatar lita 300 kullum. Bido 12 ke nan na lita 25, ko tano ɗaya da rabi. A wata ɗaya lita 9,000. Wanda ke saye wurin ƴan garuwa, ko wanda famfonsa ba ya kawowa sai tsakar dare, ya dubi wannan adadi da kyau. Ni a ganina, gara fili mai mita murabba'i 15 da ke kore duk shekara da mai 60 da ke mutuwa duk bazara. Ka rage shi zuwa abin da ruwanka na watan Afrilu zai iya ɗauka, sauran ka zuba tsakuwa ko ka dasa zogale.

Kuskuren da aka fi yi shi ne yayyafi. Yaro ya ɗauki tiyo da la'asar, ya toshe baki da babban yatsa, ya bi filin minti biyar, ƙura ta kwanta, ganye ya yi ƙyalli, ya naɗe tiyonsa. Ruwan bai wuce santimita 2 ba. Saiwa kuma ruwa take bi, sai ta tsaya sama-sama inda rana ke gasa rairayi, ranar da aka ɗauke ruwa kwana biyu ta mutu.

Ga yadda ya kamata. Da farko ka san ƙarfin tiyonka: saka shi cikin bido mai lita 25 ka duba agogo. A ce ya cika cikin minti 2. Filin nan mai mita murabba'i 50, idan za ka ba shi ruwan kwana biyu a zama ɗaya, lita 600 ke nan, kusan minti 50 na ban ruwa. Ka raba filin kashi-kashi, ka ajiye tiyo a kowane kashi daidai rabonsa. Mai amfani da abin fesa ruwa mai juyawa ya jera gwangwanayen tumatir huɗu ko biyar a wurare dabam-dabam. Idan ruwan da ya taru a ciki ya ɗan haura santimita 1, ya isa, kuma zai ga gefen da ruwan ba ya kai wa. Bayan awa guda ka soka rodi. Ana so laima ta kai santimita 15 zuwa 20.

A bazara ka yi haka kowane kwana biyu. Da sanyi, Disamba da Janairu, rabin wannan ya wadatar, kowane kwana uku ko huɗu. Kiri-kiri takan rage girma idan dare ya yi sanyi, launinta ya dushe, ga ƙurar hunturu ta lulluɓe ta. Ba ciwo ba ne, kada ka bi ta da taki. Lokacin ban ruwa kuwa bayan sallar asuba ne, kafin iska ta tashi. In famfo ba ya zuwa sai dare, ka tara a tano ko tanki.

Wani lokaci rairayin da ya daɗe a bushe yakan ƙi shan ruwa, ka ga ruwan yana gangarewa ta sama, ƙarƙashi kuma ƙurmus. Ka jiƙa shi kaɗan, ka bar shi rabin awa, ka huda shi da rodi, sannan ka ba shi sauran.

In ruwa ya gagara sam, akwai mafita. Kiri-kiri tana da jijiyoyi a cikin ƙasa da ke jure fari. Ka bar ta ta bushe ta sama, ka riƙa ba ta ruwa mai yawa sau ɗaya a mako, kada a yanka, kada a sa taki, kada yara su mai da wurin filin ƙwallo. Ruwan farko na Yuni zai tashe ta.

Masu gida a gangaren gulbi, inda ƙasa ke da laka, matsalarsu akasin wannan ce. Ruwa yakan kwanta a watan Agusta, saiwa ta ruɓe. Su sai su huda ƙasa da yawa, su cika ramukan da yashi gauraye da ruɓaɓɓen taki, su fitar wa ruwa hanya. Kowa kuma ya duba inda indararo ke zuba, ya jera duwatsu a wurin.

Ƙasa da taki

Takin gargajiya shi ne ke sa rairayi ya riƙe ruwa, amma sai wanda ya ruɓe. Ɗanyen kashin awaki ko na shanu da aka kwaso daga turke yana zuwa da irin haki, yana kiran gara, gwazarma ma a cikinsa take girma. Ka zuba shi a rami, ka riƙa jiƙa shi, kana juyawa kowane mako biyu. Bayan wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya daina zafi, ya daina wari. Ka tankaɗe shi da rariyar magina.

Sau biyu a shekara, farkon damina da kuma watan Oktoba, ka yanke ciyawa, ka bi filin da rodi kana huda rami mai zurfin santimita 10 a kowane taku, ka fi yawaitawa inda ake takawa. Sannan ka baza takin nan, bokiti ɗaya mai lita 10 a kowace mita murabba'i, ka share shi da tsintsiya ya shige tsakanin ganye, ka ba da ruwa. Kada ya binne ciyawar, kan ganyen ya riƙa leƙowa.

Takin zamani kaɗan ake sa wa. Farkon damina, takin da ake kira 15-15-15, gram 30 a mita murabba'i, wato kilo ɗaya da rabi a filin mita 50. Bayan mako shida, yuriya gram 10 a mita, rabin kilo ke nan a filin duka, kuma za ka iya maimaitawa sau ɗaya bayan wani mako shidan. Rabin kilo a idon mutum ba komai ba ne, shi ya sa ake ƙarawa, a wayi gari ciyawa ta ƙone. Ka auna a sikeli. Ka gauraya shi da busasshen yashi bokiti guda don ya bazu daidai, ka watsa rabi kana tafiya a tsaye, rabi kana tafiya a gicciye. Ganye ya kasance a bushe, da yamma, kuma ruwa ya biyo baya nan take. Ciyawar da ke cikin ƙishirwa ba a ba ta takin zamani.

Miyagun hakukuwa

Haki ba ya samun wuri sai inda ciyawa ta yi rauni, don haka rabin aikin an riga an yi shi a wajen ruwa da taki. Sauran rabin hannu ne.

Ƙarangiya da tsidau shekara ɗaya suke yi, da iri suke dawowa. Ka cire su a watan Yuli, bayan ruwan sama, tun ba su yi ƙaya ba. In ka makara har sun zubar, ka ja tsohon bargo ko buhun algarara a kan filin, ƙayar za ta manne, ka kai waje ka ƙone. Garmani, wanda ya cinye makiyaya da yawa a jihar Maraɗi, yakan shigo gida ta cikin taki. Saiwarsa doguwa ce, ka tumɓuke shi yana ƙarami, ƙasa na jiƙe. Tuji yana son wurin da ƙafa ta daddale, a yanke shi daga gindi da wuƙa sannan a huda wurin.

Jiji, wanda wasu ke kira aya-aya, shi ne mai taurin kai. Za ka gane shi da ganye mai sheƙi, ya fi kiri-kiri saurin tsawo, kuma in ka murza karansa tsakanin yatsu za ka ji kusurwa uku. A ƙarƙashin ƙasa yana da ƴaƴa baƙaƙe da ke haɗe da juna da siririn zare. Ka fizge na sama, ƴaƴan su sake tsiro. Hanya biyu ce. In kaɗan ne, ka riƙa cire shi duk mako, tun bai kai ganye biyar ba, ba fashi. Kowane sabon tsiro yana cin abincin da ke cikin ɗan, har ya ƙare. Abin yana ɗaukar damina guda ko fiye. In ya mamaye wani yanki, ka jira bazara, ka daina ba yankin ruwa, ka haƙe shi zurfin santimita 25 zuwa 30, ka tankaɗe ƙasar, ka tsince ƴaƴan, sauran ƙasar ka baza ta a rana kana juyawa har mako biyu. Ranar Afrilu tana busar da ɗan jiji har ya mutu. Kada ka jefa su ramin taki. Jiji yana son wuri mai yawan laima, don haka ka duba ko tiyo ko famfo na ɗiga kusa da shi.

Maganin feshi kuwa, a ɗan filin gida bai cancanci haɗarinsa ba. Glyphosate ba ya zaɓe, zai kashe har ciyawar taka. 2,4-D yana barin ciyawa ya kashe masu faɗin ganye, amma iska kaɗan ta isa ta kai shi kan zogale da tumatir da kuɓewar uwargida. Paraquat an hana shi a ƙasashen Sahel tun 2011, ko da ka gan shi a kasuwa.

Gara, gwazarma da tsutsa

Gara ta fi son abin da ya riga ya mutu: busasshiyar ciyawar da ta taru a gindi, ɗanyen taki, kututture, katakon da magina suka binne. Alamarta ita ce rufin jar ƙasa ko fara da take ginawa a kan ganye da dare. Ka farfasa rufin da manjagara, ka kwashe duk busasshen abu, ka jiƙa wurin sosai. Ka bi sawunta ka nemo abin da ya kawo ta, sau da yawa tsohon gindin itace ne. Dakakkun ƴaƴan bedi, wato dogon yaro, cikin hannu biyu a mita murabba'i, a cusa su cikin ramukan rodi, suna rage ta. Toka ma ana barbaɗawa, amma sama-sama, don yawanta na ɓata ƙasa. In ka ga garar ta nufi ginin gida, wannan ya wuce batun ciyawa, ka nemi masu aikin.

Gwazarma launinta fari ne, kanta ja, tana lanƙwashe a cikin ƙasa tana cin saiwa. Ɗaya ko biyu a murabba'in da ka yanka ba abin damuwa ba ne. In sun kai biyar zuwa sama, ka ɗaɗɗaga ciyawar wurin, ka tsince su, ko ka saki kaji su yi maka aikin na rabin yini, sannan ka mayar da ciyawar ka danne ka ba ta ruwa.

Tsutsa da damina take zuwa, ta cinye ganye cikin ƴan kwanaki, da rana kuma ta ɓuya. Don ka tabbatar, ka kaɗa sabulun ruwa cokali 2 cikin lita 10, ka zuba a mita murabba'i ɗaya a bakin tabon, ka tsuguna ka jira. Cikin minti goma duk abin da ke ciki zai fito, har gyare. Bayan nan ka wanke wurin da ruwa mai kyau. In sun yi yawa, ka daka busassun ƴaƴan bedi rabin kilo, ka jiƙa cikin lita 10 su kwana, ka tace da ƙyalle, ka sa ɗan sabulu, ka fesa gab da magariba. Ka maimaita bayan kwana biyar zuwa bakwai. Ba ya kashewa nan take, hana ta ci yake yi, don haka kada ka ce bai yi aiki ba washegari.

Piya-piya da sauran magungunan da ake ɗurawa a kwalba ba takarda, kada su kusanci wurin da yara ke birgima ba takalmi. In abin ya fi ƙarfin bedi, ka sa ƙwaron a kwalba ka kai wa malaman gona, ko ma'aikatan cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna, su faɗa maka ko mene ne da abin da aka yarda a fesa masa.

Inuwa, dabbobi da ruwan wanki

Kiri-kiri tana son rana aƙalla awa 6. Ƙarƙashin bedi ko mangwaro ba za ta yi ba, ko nawa ka kashe, ga saiwar itacen na shanye ruwan. Ka sassabe rassan ƙasa, in bai isa ba ka haƙura, ka zuba yashi mai kyau ya zama wurin shimfiɗa tabarma.

Ragon layya kada a ɗaure shi a kan ciyawa ko na kwana ɗaya. In dabba ta yi fitsari a wurin, bokitin ruwa biyu nan take yana hana ƙuna. Ruwan alwala da na ɗaurayar kayan miya, a juya su kan ciyawa, riba ce. Ruwan wanki mai garin sabulu, da ruwan kanwa ko gishiri, a nemar musu wani wuri; su ne ke barin farin ɓawo a kan ƙasa. Inda ɓawon ya riga ya fito, ka kankare shi ka ba wurin ruwa mai yawa sau biyu ko uku don gishirin ya sauka. Hanyar da mutanen gida suka saba bi kuma ba za ka hana su ba, ka jera musu pave ko faffaɗan duwatsu.

Yanka

Tsawon da ya dace santimita 3 zuwa 5, a bazara ka bar ta a 5 don ta yi wa gindinta inuwa. Kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a yanka ɗaya. Wanda ya bar ta wata guda da damina sannan ya aske ta har ƙasa, kara zalla zai gani, rana ta ƙone shi. Da damina duk mako ake yi. Ko inji ne ko babban almakashi, a kai wa maƙeri ya wasa. Dakusasshen baki yana yage ganye, washegari ka ga kan ciyawar ya yi fari. Kada a yanka tana jiƙe.

Cike wurin da ya mutu

Lokacin wannan aiki shi ne ƙarshen Yuni zuwa Yuli, da zarar ruwa ya zauna. Ka fara kawar da abin da ya kashe wurin, in ba haka ba sabuwar ma za ta bi ta farko. Ka kwashe matacciyar ciyawa, ka kaftu ƙasa zurfin santimita 20, ka gauraya ta da ruɓaɓɓen taki bokiti ɗaya a mita murabba'i, ka daidaita ta da sauran filin, ka jiƙa.

Ba sai ka sayi iri ba. Ka je gefen filinka inda ciyawa ta yi yaɗo ta hau kan dakali, ka yanko rassa masu gaɓa uku ko huɗu. Ka dasa su a kwance, tazarar santimita 15 tsakaninsu, gaɓa biyu a cikin ƙasa, kan a waje, ka danne da tafin ƙafa. Wannan ne kaɗai lokacin da yayyafi ke da amfani: safe da yamma har kwana goma zuwa mako biyu, in ba a yi ruwan sama ba, sannan ka riƙa tsawaita tazara kana ƙara yawan ruwan. Ka kewaye wurin da ƙaya ko igiya saboda kaji da yara. Hakin da ya tsiro a tsakani ka cire shi da hannu tun yana ƙarami. A mako na huɗu ka ɗan barbaɗa yuriya, gram 5 a mita. Cikin mako shida zuwa takwas wurin zai haɗe, kuma yankan farko sai ta kai santimita 7.

In filin na maƙwabtaka da fangalin salati ko na albasa, ka binne bulo a tsaye tsakaninsu, zurfin santimita 20 ko fiye, ka riƙa bin bakin da wuƙa kowane mako biyu kana datse yaɗon da ya tsallaka, domin kiri-kiri in ta shiga fangali fitar da ita ya fi dasa ta wuya.